Gregor Mendel: Firist Mai Ƙidayar Wake

An haifi Johann Mendel a watan Yuli na 1822 a ƙauyen Heinzendorf, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya, yau kuma yana cikin Jamhuriyar Cek. Iyayensa talakawan manoma ne. Yaron yana da kan karatu, amma kuɗin makaranta ya gagara, musamman bayan da gungumen itace ya faɗa wa mahaifinsa ya nakasa shi. Ƙanwarsa Theresia ce ta ba da wani kaso na dukiyar aurenta domin ya ci gaba. Bai manta da wannan alheri ba, domin daga baya ya taimaka wa 'ya'yanta maza da karatunsu.

A 1843 ya shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma a birnin Brno, aka raɗa masa suna Gregor. An naɗa shi firist a 1847. Ziyarar marasa lafiya ta yi wa zuciyarsa nauyi har shi ma ya kwanta ciwo, sai shugaban gidan, Cyril Napp, ya tura shi koyarwa, daga baya kuma Jami'ar Biyana. Sau biyu ya zauna jarrabawar malanta, sau biyu bai haye ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun gidan yana shuka koren waken Turawa da ake kira fis, kusan tushe 28,000. Da hannunsa yake ɗaukar garin fure daga wannan tsiro ya kai wa wancan, yana bin halaye 7, kamar tsayin kara, launin fure da surar ƙwaya. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye. A jikoki kuwa sai gajeren ya dawo, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. A nan ya gane cewa halin gado ba ya narkewa kamar gishiri a miya. Kowane tsiro yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, wata ta rinjayi wata, amma wadda ta ɓuya tana nan da ranta.

Ya gabatar da sakamakon a 1865, aka buga shi a 1866, masana kuwa ba su waiwaye shi ba. A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan, hidimar 'yan'uwa da doguwar jayayya da gwamnati kan haraji suka cinye lokacinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884. Sai a 1900 masana uku suka sake gano aikinsa.

A 1990 masu bincike a Ingila suka gano ƙwayar gadon da ke sa fis ya yamutse, a 2019 kuma aka wallafa jerin ƙwayoyin gadonsa. Yau masana suna kafa alamomi a taswirar gadon tsiro, kamar duwatsun iyakar gona, domin su san inda kowane hali yake zaune. Da irin wannan dabara ake zaɓen waken da ke jure wa wuta-wuta, aikin da cibiyar IITA take da hannu a ciki, har da reshenta na Kano.

'Yan'uwa, Mendel bai ga girbin aikinsa da idonsa ba. Ya yi ƙidaya da gaskiya inda babu mai duba shi sai Ubangiji. Malamin da ke koyarwa a ƙauye ba mai yaba masa, da 'yar'uwar da ta rage wa kanta domin wani ya yi karatu, su tuna da lambun Brno, kada su karai.