Malam Abdullahi na Gwandu da Tafiyarsa ta Gabas

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ƙanen Shehu Usmanu ne, kuma almajirinsa. An haife shi a shekarar 1180 ta Hijira, watau 1766. Ya yi karatu wurin Shehu, ya yi wurin Malam Jibrila ɗan Umaru, har ya zama kogi a nahawu da fiƙihu da tafsiri. Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya ja rundunar da ta kori Yunfa Sarkin Gobir a Tafkin Kwatto. Shekara na zagayowa ya ci Birnin Kabi. Yunwa da annoba da kashin da jama'a suka sha a Alwasa, duk ba su karya masa zuciya ba.

Abin da maƙiya suka kāsa, na gida ne suka yi. Galibin abokansa malamai sun yi shahada, waɗanda suka taso bayansu kuwa ya ga hankalinsu ya koma ga ganima da sarauta da dawaki da manyan riguna. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, sai ya sulale daga runduna shi da mutum biyar, ya fuskanci gabas, nufinsa Makka da Madina. Kwana uku suka yi a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Fatake dai sun san nauyin kwana uku irin waɗannan.

Da suka isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsai da shari'a. Da farko ya ƙi, don cutar da ya gudo wa ita ya tarar a wurinsu. Suka nace. To, a nan fa malantarsa ta bayyana. Ziyarar nan alherinta nasa ne shi kaɗai, mutanen nan kuwa mulki ya faɗo hannunsu ba su san hukuncinsa ba, barinsu haka kuma zalunci ne zai sauka kan talakawa. Sai ya sauke kaya. Ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, sa'an nan ya juya yamma wurin yayansa. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Makka kuwa bai taɓa ganinta ba har ya bar duniya, kuma wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga mai bege irin nasa.

A 1812 Shehu ya raba ƙasa, ya ba shi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, Abdullahi ya taso zuwa Sakkwato, ya tarar an naɗa Bello, an kuma rufe ƙofar gari. Bai ɗaga takobi ba, bai kuma yi mubaya'a nan take ba. Ya koma Gwandu ya zauna, zukata suka yi nisa har shekaru. Sai da 'yan tawayen Kalambaina suka matsa masa, Bello ya kawo gudunmawa aka ci garin. Da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Dattijo ne ya sunkuyar da kai ga ɗan da ya ga tasowarsa.

Daga nan ya bar yawancin sha'anin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga alƙalami da almajirai. Tafsirinsa Liya'ut Tawili yana hannun malamai har yau. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245, watau 1829, can kabarinsa yake. Allah Ya jiƙansa, amin.