Kiristiyan Dofla, Ɗan Gidan Masassaƙan Duwatsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, a Talata Mafara, ya san yadda ƙahon babbar mota yakan yi tsini idan ta doso, da ta wuce kuma sai muryar ta yi kauri. Mutumin da ya fara bayyana dalilin haka shi ne Kiristiyan Dofla.

An haife shi a Salzburg ta ƙasar Ostiriya ran 29 ga Nuwamba, 1803. Gidansu masassaƙan duwatsu ne, amma shi ya taso ba ƙarfin jiki, saboda haka aka tura shi Biyana karatun lissafi. Da ya gama, aiki ya gagara, har ya ɗaura niyyar ƙaura zuwa Amurka, sai ga aikin koyarwa a birnin Firag cikin 1835.

A can ne, cikin 1842, ya bayyana cewa idan abu mai sauti ko haske yana tahowa, igiyoyinsa sukan matsu, idan yana nisa kuma su saki. Ya zaci wannan ne ke bambanta launin taurari. A nan kam ya kuskure, domin zafinsu ne dalili. Amma ƙa'idar ta tsaya daram: cikin 1845 Buys Ballot na ƙasar Holan ya ɗora masu busa a jirgin ƙasa, aka saurara daga gefen layin dogo, aka ji canjin.

Babban amfaninta ga marar lafiya ya zo ne bayan shekara ɗari, lokacin da Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka ya auna gudun jini da ita wajen ƙarshen shekarun 1950. Yau likita yakan zura siririyar waya cikin jijiyar zuciya. Bakinta na aika sautin da ya fi ƙarfin kunne, ƙwayoyin jini su mayar da amsa-kuwwa, kwamfuta ta tace ta bangon jijiya ta ware, ta lissafta gudun jinin daga canjin muryar. Inda hanya ta tsuke jini yakan ƙara gudu, kamar ruwan Bakolori a ƙuntatacciyar magudana, ta haka ake gane toshiya.

Cikin 1850 aka ba Dofla shugabancin cibiyar nazarin fizis ta Jami'ar Biyana, har Gregor Mendel ya zauna ajinsa. Ciwon huhu bai bari ya jima ba. Ya tafi Benis jinya, ya rasu can ran 17 ga Maris, 1853, yana da shekara 49.