Takaitaccen tarihin Baba mutuniyar Karo

An haifi Baba a wajajen shekarar 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye da ke kusa da garin Zarewa, wanda a wancan zamani yake ƙasar Karaye, a yau kuma yake cikin ƙaramar hukumar Rogo ta jihar Kano.

Yankin yana kan iyakar Kano da Zazzau, ƙasa ce ta noman dawa da gero da auduga. Kakannin Baba Barebari ne da suka taso daga Borno. Mahaifinta, Tsoho, manomi ne kuma malamin allo, danginsu kuwa suna da rinji inda bayi ke yi musu noma.

Zaman ɗar-ɗar

Baba ta tashi ne a lokacin da mutanen karkara ba sa barci da ido biyu rufe. Mahara kan faɗa wa ƙauyuka su kwashi mata da yara, saboda haka da an ji ƙishin-ƙishin ɗin hari sai jama'a su gudu cikin ganuwar Zarewa.

Danginta ma ba su tsira ba. An kama wasu daga cikinsu, sai da aka tara kuɗin wuri aka fanso su. A zamaninta aka yi yaƙin basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893, kuma Turawan Ingila suka ci Kano a 1903.

A idonta aka hana cinikin bayi, rinjin gidansu ya watse, hanyoyi kuma suka samu lafiya.

Aure da zumunci

Baba ta yi aure sau huɗu. Na farko auren zumunci ne da ɗan'uwanta Duma, wanda ta amince da shi don biyayya ga iyaye, daga baya suka rabu. Ta auri Malam Maigari, sannan Malam Hasan, wanda zama da shi ya kai ta garin Giwa a ƙasar Zazzau.

Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta yi ungozoma, ta zama uwa ga mata da dama a Giwa.

Haɗuwa da Mary Smith

A Giwa ne ta haɗu da wata Baturiya, Mary Smith, matar masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, wanda ke bincike a kan masarautar Zazzau.

Da yake namiji ba shi da ikon shiga cikin gidajen kulle, sai aikin jin ta bakin mata ya faɗa kan matarsa. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba ta riƙa zuwa tana ba da labarin rayuwarta da Hausa, Mary Smith na rubutawa.

Ba labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe kawai ta bayar ba. Ta bayyana yadda ake ƙulla ƙawance tsakanin 'yan mata, da kunyar ɗan fari, da wankan jego, da zaman kishiyoyi, da sana'ar kaɗi da saƙa. Ta kuma yi bayani a kan bori da iskoki, da waƙoƙin biki, da camfe-camfen mutanen ƙauye.

Abin da ta bari

Baba ta rasu a Giwa a shekarar 1951, ba ta ga littafin da ya fito da sunanta ba. An buga shi da Turanci a birnin Landan a 1954, aka sake buga shi a Amurka a 1981, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausa a Kano.

Akasarin tarihin ƙasar Hausa na ƙarni na 19 maza ne suka rubuta shi, malamai da 'yan fada da Turawan mulki. Shi ya sa masana ke ɗaukar labarin Baba a matsayin ɗaya daga cikin 'yan shaidu ƙalilan da suka nuna yadda macen karkara ta ga wancan zamani daga cikin gida.