Tolemi Mai Busa, sarkin Masar da ya sayi sarauta da bashi

Bayan mutuwar Iskandar Mai Girma, wani kwamandansa Bagirke ya kama ƙasar Masar, zuri'arsa suka yi ta gadon sarauta kusan shekara 300, kowane sarki sunansa Tolemi. Na 12 daga cikinsu ya hau gado a birnin Iskandariyya a shekara ta 80 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen gari sun laƙaba masa Mai Busa, saboda son da yake wa wani abin busa mai kama da algaita.

A zamaninsa Masar ce rumbun alkama, Rumawa kuwa su ke da ƙarfin soja, kuma idonsu yana kanta. Tolemi ya san ba ya iya yaƙarsu, sai ya buɗe bakin jaka. A shekara ta 59 (lissafin wancan zamani baya-baya yake tafiya) ya yi wa manyan Rum biyu, Kaisar da Pompe, alkawarin talanti 6.000 don majalisarsu ta yarda shi ne sarki. Talanti guda ya kai kilo 26 na azurfa. Kuɗin ba ya da su a hannu, wajen wani attajirin Rum mai suna Rabiriyus ya ranto, da ruwa a kai, ya kuma ƙara wa talakawa lanho.

Shekara guda bayan haka Rumawa suka ƙwace tsibirin Kubrus daga hannun ƙanensa, ƙanen ya sha guba ya mutu, Tolemi bai ce uffan ba. Jama'ar Iskandariyya suka harzuƙa suka kore shi, suka naɗa ɗiyarsa Berenike. Ya gudu Rum, ya sauka gidan Pompe, ya ci gaba da cin bashi yana rabon toshiya. Da mutanen garinsa suka aiko wakilai 100 su kai ƙararsa, ya sa aka kashe da yawa daga cikinsu.

Masu binsa bashi su suka fi kowa son ya koma gida, don sarkin da ba ya kan gado ba ya da abin biya. Kowace 'yar kasuwa ta san wannan hali: wanda kike bi da yawa, ke ce mai yi masa addu'ar lafiya. A shekara ta 55 Gabiniyus, gwamnan Rum a Sham, ya maido shi da sojoji bisa alkawarin talanti 10.000. Da isowarsa ya sa aka kashe Berenike, ɗiyar cikinsa.

Sannan ya yi abin da ya fi komai ban mamaki: ya naɗa Rabiriyus, mai binsa bashi, shugaban baitulmalin ƙasa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Mutumin ya tatsi jama'a har sai da sarki ya tsare shi, daga nan ya sulale ya koma Rum. Kuɗin ƙasa ma suka lalace, azurfar da ke cikin kowane ƙwandala ta ragu zuwa wajen kashi ɗaya bisa uku.

Tolemi ya mutu a shekara ta 51 yana bisa gadonsa, ya bar sarauta ga ɗiyarsa Kilofatra da ƙanenta, ya bar wasiyya Rumawa su zama waliyyansu. Shekara 3 bayan haka Kaisar ya iso Iskandariyya da sojoji, ya nemi magada su biya shi dirhami miliyan 10 daga cikin bashin mahaifinsu.