James Aggrey: malamin da ya so baƙi da fari su zauna aji ɗaya

A bajen makarantar Achimota da ke Akra akwai zanen maɓallan piyano, baƙaƙe da farare jere da juna. Zanen ya samo asali ne daga koyarwar James Emman Kwegyir Aggrey, malamin da ya riƙa nuna cewa maɓallai masu launi ɗaya na iya ba da sauti, amma kiɗa ba ya cika sai an haɗa duka biyun.

An haifi Aggrey ranar 18 ga Oktoba 1875 a garin Anomabu da ke bakin teku a Gwalkwas, wato Gana ta yau. Mahaifinsa kakakin sarki ne a fadar garin. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Methodist a Cape Coast, kuma tun yana saurayi ya fara koyarwa har ya zama shugaban makaranta.

A 1898 ya tafi Amurka, ya shiga kwalejin Livingstone a garin Salisbury na jihar Karolina ta Arewa. Shekara biyu kafin isarsa, kotun ƙolin ƙasar ta halatta raba baƙaƙe da farare a wuraren jama'a. A kudancin Amurka kowane jinsi da makarantunsa, kuma na baƙaƙe su ne ake ba kuɗi kaɗan. A cikin wannan yanayi ya kammala karatu a 1902, ya zauna yana koyarwa a kwalejin kusan shekara ashirin, yana kuma limancin majami'un manoma baƙaƙe. A 1905 ya auri Rose Douglas, suka haifi ƴaƴa huɗu.

Sunansa ya fito a 1920, lokacin da gidauniyar Phelps-Stokes ta tura tawaga don duba halin ilimi a Afirka. Shi kaɗai ne ɗan Afirka a cikinta. Ya zagaya ƙasashen yamma da na kudancin nahiyar, sannan a 1924 ya bi tawaga ta biyu zuwa gabas. A Afirka ta Kudu ya taimaka wajen kafa majalisun da baƙaƙe da Turawa ke zama tare su tattauna matsalolinsu.

Ba kowa ne ya yaba wa aikin tawagar ba. Shugabanta, Thomas Jesse Jones, ya fi karkata ga koya wa ƴan Afirka noma da sana'ar hannu, abin da masu suka irin su W.E.B. Du Bois suka ɗauka dabara ce ta hana baƙar fata ilimi mai zurfi. Wasu ma sun ga Aggrey ya cika sassauci ga ƴan mulkin mallaka, domin haɗin kai tsakanin mai mulki da wanda ake mulka ba ya zama adalci sai an daidaita su.

A Achimota ne ya samu damar nuna abin da yake nufi. Gwamna Gordon Guggisberg ya aza harsashin makarantar a 1924, aka ba Alexander Fraser shugabancinta, Aggrey ya zama ɗaya daga cikin mataimakansa. Malamai Turawa da ƴan Afirka suka yi aiki tare, aka tara ɗalibai daga ƙabilu daban-daban a ɗakunan kwana ɗaya, aka ba harsunan gida da kiɗan gargajiya wuri a karatu. Aggrey ya dage a ɗauki ƴan mata tare da maza, a zamanin da iyaye da yawa ba su yarda da haka ba. Shi ne kuma ya bi garuruwa yana shawo kan iyayen da ke zargin makarantar gwamnati.

An buɗe makarantar a hukumance a watan Janairu 1927. Bayan wasu watanni ya koma Amurka don ya ga iyalinsa, ya kuma ƙarasa digirinsa na dakta a jami'ar Kolombiya. Ciwon sanƙarau ya kama shi a birnin Nuyok, ya rasu ranar 30 ga Yuli 1927 yana da shekara 51. An binne shi a Salisbury.

Bai ga ɗaliban farko sun kammala ba, amma makarantar ta yi ƴaƴa. Kwame Nkrumah, wanda ya kai Gana ga ƴancin kai a 1957, ya samu horon malanta a can, kuma ya riƙa ambaton Aggrey cikin waɗanda suka zaburar da shi. Dawda Jawara na Gambiya, Jerry Rawlings da John Atta Mills duk sun bi ta Achimota. Ɗansa Rudolph Aggrey ya zama jakadan Amurka a Senegal da Gambiya.

A 2017 babban bankin Gana ya sa hotonsa a takardar sidi 5. Duk ɗan ci-ranin da ta taɓa shiga hannunsa a kasuwannin Akra ko Kumasi, fuskar wannan malami ce ya riƙe.