Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya buɗe kullen haruffa

Sunan da masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya rubuta wa wannan malami, shi kansa kacici-kacici ne. Ya kira shi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fullani al-Kashnawi al-Danrankawi al-Sudani. Laƙabin farko da na ƙarshe ba su da wuya: Bafillace ne, daga ƙasashen baƙar fata. Na biyu Katsina ce, wadda baƙaƙen Larabci ba su da harafin da zai ɗauki sautin tsakiyarta, sai marubuta suka riƙa aron shin ko wani harafi makusanci. Wanda ya san yadda ake furta sunan birnin a Maraɗi da kewayenta, inda ts ke karkata wajen c mai ƙarfi in wasalin i ya biyo ta, ba zai yi mamakin wannan aro ba. Na uku kuwa Ɗan Ranko ne, wani garin fatake na ƙasar Katsina, aka manne kalmomin biyu aka ɗafa musu alamar nasaba ta Larabci.

Katsinar zamaninsa, wato farkon ƙarni na 18, ba ta san iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1898 da 1906 ba. Ikonta ya miƙa arewa har ƙasar da a yau take ɗauke da Maraɗi da Agye da Gazawa. Bayan jihadi ne zuriyar tsofaffin sarakunanta suka koma Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836, cikin gundumar Gidan Rumji ta yanzu. Saboda haka ɗalibin da ya fito daga waɗannan gundumomi ba baƙo yake karantawa ba in ya ɗauki tarihin al-Kashnawi.

Al-Jabarti ya lissafa malamansa. Daga cikinsu akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Barno da Bagarmi, wanda ya mayar da wani sharhin tauhidi daga Fillanci zuwa Larabci, ya kuma rubuta raddi a kan shan taba. Akwai Shehu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya karɓi ilimin haruffa da hatimi da hisabi da sanin lokuta, bisa tsarin mutanen Magrib. Wannan ƴar magana ta ƙarshe, tsarin mutanen Magrib, mai karatu yana iya wuce ta da gudu, alhali a cikinta mabuɗin yake.

Ga yadda abin yake. Kowane harafi cikin baƙaƙen Larabci 28 yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har 9, sannan gomomi, sannan ɗaruruwa, a ƙare da 1000. Amma jerin iri biyu ne. Mutanen gabas, wato Masar da Sham da Hijaz, gain suke ba 1000, shin kuma 300. Mutanen Magrib, waɗanda rubutunsu da lissafinsu ƙasar Hausa ta gada, shin suke ba 1000, gain 900. Haruffa shida ne kacal jerin biyu suka saɓa a kansu: sin, shin, sodi, lodi, zadi da gain. Sauran 22 duk ɗaya ne, kuma wannan ne ya sa kuskuren ke da saurin shiga, don mutum yana iya daɗewa yana lissafi daidai kafin ya taka ɗaya daga cikin shidan.

Da wannan jeri ne mawallafan waƙoƙin ajami, irin su Nana Asma'u da suka zo bayansa da kusan ƙarni guda, suke ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin kalma ɗaya a baitin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. A ɗauki kalmar sharif. A ido, sunan girmamawa ne ga jikan Manzo. A hisabin Magrib kuwa shin 1000, ra 200, ya 10, fa 80, jimla 1290 ta Hijira, wato 1873. Wanda ya buɗe littafin da aka buga a Alƙahira ya ɗauko jerin gabas zai samu 590, ya mayar da waƙar baya da shekara 700 cif, zuwa zamanin da ba a haifi kakan kakan mawaƙin ba. Mai niyyar aiki a kan rubuce-rubucen hannu, ko na taskar cibiyar binciken IRSH da ke Yamai ko na gafakar wani malami a ƙauye, da wannan tarko zai fara gamuwa.

A 1730 al-Kashnawi ya sauke farali, ya zauna a Hijaz na ɗan lokaci, kuma a shekarun nan ne ya rubuta littattafan da suka ɗaukaka sunansa. Ɗaya shi ne Bahjat al-Afaq, wanda cikakken sunansa ya yi alkawarin warware ruɗani da buɗe abin da ya kulle a ilimin haruffa da hatimi. Wani shi ne al-Durr al-Manzum, taƙaitawar wani littafin taurari da ɗalasimai da ake dangantawa ga Fakhruddin al-Razi; a Makka ya fara shi, ya kammala a Alƙahira a 1146 ta Hijira. Yana da littafi kan nahawu, Bulugh al-Arab, da wani kan manɗiƙi, don haka masu nazarin harshe suna da haƙƙin su ce nasu ne.

Hatimi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin allon malami. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance, inda ake zuba haruffa tara na farko, daga alif zuwa ɗa mai hannu, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ha kuri, mai adadi 5, ita ke zama tsakiya. Kusurwoyi huɗu kuma ba da dal da wau da ha ƙarami ne, wato 2, 4, 6, 8, waɗanda in an karanta su a jere suke ba da buduhu, sunan da aka san wannan hatimi da shi. Kalma ce da lissafi ya haifa, daga baya mutane suka ɗora mata asirai. Aikin al-Kashnawi ya wuce wannan ƙaramin. Ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gefe mara, irin mai biyar-biyar wanda kowane layinsa ke ba da 65, da na sama da shi: inda ɗalibi zai fara, yadda zai tsallaka daga gida zuwa gida, da abin da zai yi in tsallen ya fitar da shi waje ko ya tarar da gidan a cike. Hasan Gwarzo ya gabatar da wannan aiki ga masu bincike na zamani a wata maƙala da aka buga a Ibadan a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta kai shi ga duniya a littafinta Africa Counts na 1973.

Abin da ya fi kusa da wannan sana'a a jaridun yau shi ne wasan cike gidaje da kalmomi, musamman nau'insa mai ɓoyayyar alama da ya bunƙasa a Ingila. Edward Powys Mathers ya fara shirya shi wa jaridar Observer a 1926, magajinsa Derrick Macnutt kuma ya rubuta littafin dokokinsa a 1966. Gundarin dokar shi ne adalci ga mai warwarewa: jimlar tana iya yaudarar ido yadda ta ga dama, amma dole ta ƙunshi ma'anar amsar da kuma hanyar isa gare ta. A Hausa ana iya cewa: kasawa a gabas da Agye, harafi shida. Amsa Gazawa, don kalmar kasawa ta ba da ma'ana ɗaya, sauran jimlar ta ba da garin. Ko a ce: juya shekarar da ta wuce, ka kasa kashi-kashi. Kalmar juya umarni ce, bara ta koma raba. Rubutun boko da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali ya tara wa Hausa irin waɗannan tagwaye birjik, har bara kaɗai ta ishi mai wasa kwana uku, tsakanin shekara da roƙo da mai hidima. Haka ramzi yake aiki: kalma mai fuska biyu, da wata alama a kusa, sau da yawa kalmar ramzi ko Hijira, mai gaya wa mai karatu ya daina karantawa ya fara ƙirga.

Akwai masu son a tuna da al-Kashnawi a matsayin masanin lissafi zalla, su kau da kai daga taurari da ɗalasimai. Wannan gyaran fuska ne da littattafansa ba su goyi baya ba. A wurinsa harafi abu ne mai alfarma, har ya gargaɗi ɗalibai kada su watsa ilimin ga kowa da kowa, ya kuma hore su da naci in lissafi ya ƙi fita. Amma duk da gargaɗin, ya zauna ya rubuta dokokin dalla-dalla, ta yadda wanda bai yarda da asirin hatimi ba ko kaɗan zai iya bin su da alƙalami ya ga ko layukan sun daidaita. Wannan ɓangaren ne ya tsallake zamani.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin fiƙihu da ilimin falaki, wanda ya karanci ilimin hatimi a wurinsa. A gidan ya rasu a 1154 ta Hijira, 1741 ta Miladiyya, bayan ya yi wa mai masaukinsa wasiyyar kula da dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Ɗansa Abdurrahman, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon da shekaru goma sha, a gidan ya tarar da labarin ya sa shi cikin tarihinsa. Da za a rubuta 1154 da haruffa, almajirin Katsina zai sa shin da ƙaf da nun da dal, na Alƙahira kuma ya fara da gain.