Wali Ɗan Masani da Unguwar Masanawa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƴan'uwa matasa, duk wanda ya shiga birnin Katsina ya tambayi Masanawa, ko yaro ƙarami zai nuna masa hanya. Unguwa ce tsohuwa, kuma sunanta na nufin mutanen Masani, kamar yadda muke cewa Gobirawa ko Katsinawa. Malamin da ya zauna wurin da iyalinsa da almajiransa har sunan ya bi unguwar shi ne Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Masani, wanda jama'a suka fi sani da Wali Ɗan Masani.

An haife shi a Katsina wajen shekarar 1595, amma asalin iyayensa daga Barno yake, shi ya sa a littattafai ake rubuta masa Albarnawi Alkashinawi. A zamaninsa babu iyakar Nijar da Najeriya, Maraɗi da Tasawa duk cikin ƙasar Katsina suke. Ke nan malaminmu ne, na gida. Ya yi zamani da Wali Ɗan Marina, su biyun kuwa suna cikin waɗanda suka ɗaga sunan birnin a fagen ilimi.

To, me ya bari? Duk almajirin da ya yi karatun zaure ya san bayan Ƙawa'idi da Ahalari sai Ashmawi. Ɗan Masani ya yi wa Ashmawi sharhi mai suna Buzugush Shamsiyya, don mai koyon tsarki da salla da azumi ya gane abin da yake karantawa. Ishiriniyar nan ta Alfazazi da ake rerawa a watan Mauludi, ita ma ya warware baitocinta cikin Annafhatul Anbariyya. Ya kuma yi rubutu a kan ƙasar Yarbawa, har ya amsa tambayoyin malamansu, abin da ke nuna cewa tun ƙarni na 17 tambaya kan taso daga kudu ta zo neman amsa Katsina. Bayan fiye da shekara 140 da rasuwarsa, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kawo sunansa da littattafansa cikin Infaƙul Maisuri.

Ya rasu a shekarar 1078 ta Hijira, daidai da 1667, aka binne shi a Katsina. Sarakuna da yawa sun hau sun sauka, mulki ma ya sake hannu a 1807 lokacin jihadi, amma Masanawa tana nan da sunanta. Sunan nasa har ya zama sarautar da ake naɗa wa masu ilimi, kamar marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano.

Saboda haka in kun zauna gaban malam da Ashmawi a hannu, ku tuna wani ɗan ƙasarku ya taɓa zama ya yi wa littafin nan hidima da tawada da alƙalami. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu albarkacin iliminsa, amin.